Wuta a Cikin Jaka

Ƙadangare ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Wasu sun ce don yadda yake manne wa falwaya ne, ciki da gwiwa, ya haye kafin a gama jingina tsani. Wasu kuma sun ce don gyaɗa kan da yake yi ne idan ana masa magana, ya yi ta gyaɗawa kamar ya yarda, alhali abin da ya ga dama shi zai yi. Duka biyun gaskiya ne.

Sana'arsa gyaran layin wutar lantarki, amma ba ma'aikacin kamfanin wuta ba ne. A ƙarƙashin ɗan kwangila yake, irin waɗanda kamfani ke kira idan iska ta tsinke waya ko mota ta kwashe falwaya. Furfura ta fara cin gemunsa. Gwiwarsa ta hagu tana riga kowa sanin hadari ya taso. Tafin hannunsa kuwa ya yi kanta, har matarsa kan ce ba ta da buƙatar tsumman sauke tukunya muddin yana gida. Ya ga abokan aiki da wuta ta taɓa, wanda ta nannaɗe wa hannu, wanda ta jefo ƙasa, da wanda aka sauko da shi a kafaɗa babu numfashi. Shi ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Idan aka tambaye shi sirrin, sai ya daki wata tsohuwar jakar fata da ke rataye a kafaɗarsa.

Kafin kowa ya hau sama, da ƙafarsa yake zuwa akwatin taransifoma, ya zare fiyus ɗin nan uku masu farin tangaran, ya zuba a jaka, ya zuge. Ba ya ajiye su a gindin akwati, kada wani mai ɗokin kallon ƙwallo ya zo ya mayar. Ba ya ba kowa riƙo. Ko bayan gida zai kewaya, da jakar yake kewayawa.

"Wutar unguwar nan tana cikin jakata," yakan ce. "Sai ta yi min sallama kafin ta fita."

Haka tsofaffin da suka koya masa suke yi, kuma dabarar ta yi masa rana shekara da shekaru.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci da 'ya'yansa, amma har gobe Auta ake kiransa. Ranar da Ƙadangare ya je wurin Inna neman ta bar masa Auta ya koyi sana'a, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana fama da zare da allura.

"Kai na riga na sallama ka ga sama," ta ce. "Wannan kuwa, in ka hau da shi, ka sauko min da shi."

Tun da gwiwa ta fara yi masa gardama, Auta ne mai hawa, shi kuma yana ƙasa da jaka. Auta ba ya tambayar ko an kashe layi. Zai kalli jakar, Yaya ya dake ta, shi kenan ya kama tsani. Wannan yarda tsohuwa ce a tsakaninsu. Suna yara, kunama ta taɓa hawa bayan rigar Auta yana wasa a tsakar gida. Ƙadangare bai yi ihu ba, ya dai rage murya ya ce, "Ɗan Inna, ƙame." Yaron ya ƙame kamar an dasa shi, har aka kaɗe ta da tsinke. Daga ranar bai sake kiransa Ɗan Inna ba, sai dai Auta, ko malalaci idan sun yi faɗa.

Da haɗurra suka yi yawa, kamfanin wuta ya tara 'yan kwangila ya gindaya musu sharuɗɗa, aka ce kowanne ya ɗauki mai lura da lafiyar ma'aikata ko ya bar aikin. Haka ogansu ya kawo musu wani gajeren mutum mai sanyin murya, wanda kafin sati ya zagayo suka raɗa masa Malam Dakata, don kalmar ba ta barin bakinsa. Shi ya hana su tuttular da tsohon man taransifoma a kwata, ya kawo ganguna masu murfi. Shi ya kama Ƙadangare a bayan shago yana shafa man a gwiwa.

"Dakata, Baba. Wannan guba ce. Fata tana shan ta."

"To ai shan nake so ta yi," in ji Ƙadangare, direbansu ya kwashe da dariya.

Daga baya ya kawo wayar ƙasa: kakkaurar wayar tagulla mai bakuna kamar na kada, da sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, da doguwar gorar roba da ake miƙa bakunan sama. Ana maƙala ta a layi gaba da bayan mai aiki, ko da wuta ta shigo sai ta zarce ƙasa ta bar mutum. Nauyi gare ta kamar gawa, ga cin lokaci.

"Baba, jakarka tana da kyau, kada ka daina," in ji Malam Dakata. "Amma fiyus ƙofa ɗaya yake rufewa, layi kuwa gida ne mai ƙofofi."

Ƙadangare ya yi ta gyaɗa kai. Da mutumin ya juya baya, ya zunguri Auta.

"Igiyar shanya ce aka kawo mana. Ka kai wa matarka ta huta da aron ta maƙwabta."

Idan Malam Dakata yana wurin, sukan maƙala. Idan yana tare da wata tawagar, igiyar shanya takan yi barcinta a bayan mota.

Ranar da abin ya faru, ruwa da iska aka kwana ana yi, kuma sai bayan azahar suka iso wani lungu da waya ta tsinke. Malam Dakata yana can wani gefen gari. Lungun ya cika da taɓo, mota ta kasa shiga, suka bar ta a bakin titi suka ɗauki tsani a ka. Shagon aski ne a hannun dama, tela a hagu, ga wata mai sayar da ruwan sanyi da ya koma ruwan wanka. A ƙarshen lungun akwai doguwar katanga mai fasassun kwalabe a kai, gidan da ake yin ƙanƙara.

"Sannunku da zuwa, masu gari," in ji mai aski. "Na ɗauka sai jikokinmu za su ga wuta."

"Kai da kake aske rabin kai ko da wuta, me duhu ya rage maka?" in ji Ƙadangare.

Wayarsa ta yi ƙara. Oga ne, yana tambaya ko sun gama, wai akwai wurare suna jira. Ya ce yanzu-yanzu. Ya taka zuwa taransifoma, ya zare fiyus, ya dawo jaka tana bugun ƙugunsa.

Falwayar ta siminti ce, jiƙe sharkaf. Manyan wayoyi huɗu ne a jikinta, wata bisa wata, kuma ta can sama ce ta tsinke. Ƙananan wayoyin gidaje sun taru sun nannaɗe ta kamar saƙar gizo. Duk mai son kai wa ta sama sai ya ratsa jikinsa ta tsakaninsu.

Auta ya ɗaura bel, ya ɗaga kai ya duba, sannan ya waiwaya wajen titi.

"Yaya, igiyar shanyar fa? Tana mota."

"Je ka ɗauko, in wankan taɓo kake marmari."

Auta ya kalli jakar. Ƙadangare ya dake ta. Auta ya yi murmushi ya kama tsani, direba ya riƙe masa gindinsa.

Aikin ya tafi daidai. Auta ya ratsa sauran wayoyin, ya zagaya bel a jikin falwaya, ya jawo tsinkakkiyar da igiya ya haɗa bakinta. Da ya zo ɗaure ƙananan notuna, ya cire safar hannu ya soke a ƙugu, don ba ta barin yatsa ya ji abin da yake yi. Waya ɗaya tana daidai kunnensa, ɗaya a gaban ƙirjinsa, ɗaya tana gab da cinyarsa.

"Yaya, wannan sifanar ta yi girma. Turo min ƙaramar."

Ya sako bokitin kayan aiki da igiya, hannayensa biyu a kan igiyar. A daidai nan wani inji ya tashi a bayan katangar gidan ƙanƙara, ya yi tari, ya kama ruri. Ƙadangare ya ji, bai ko waiwaya ba. Wane lungu ne babu janareto? Ya sunkuya yana laluben sifana a bokiti, ya ɗago, sai idonsa ya faɗa cikin shagon mai aski.

Ƙwan fitilar da ke rataye saman madubi ya yi ja. Ba haske sosai ba, ja kawai, kamar idon mai zazzaɓi. Fankar silin ta motsa, ta fara juyawa a hankali.

Hannunsa ya tafi jaka da kansa. Ya lalubo ta waje: ɗaya, biyu, uku. Suna nan, da sanyinsu. Wutar da ya kulle tana kulle. Wannan wata ce daban, ta biyo ta ƙofar baya. Injin gidan ƙanƙara ne yake turo ta cikin layin titi, tana bin wayoyin nan huɗu, tana wucewa ta gefen kunnen Auta.

"Sun kawo! Sun kawo wuta!" mai ruwan sanyi ta rangaɗa, lungu ya ɗauka da sowa.

A sama Auta ya yi dariya, ya fara juyo da kafaɗa don ya ga abin da ake wa murna.

Ihu ya taso wa Ƙadangare har maƙogwaro, ya haɗiye shi. Wanda aka firgita a sama abin da ke kusa yake cafka. Ya matso gindin falwaya, ya nemo wata murya da ya ajiye tun suna yara.

"Ɗan Inna. Ƙame."

Kafaɗar ta tsaya a inda take.

"Kada ka juyo. Kada ka saki igiya. Akwai wuta a layi."

Sannan murya ta sauko, siririya, ba tare da kan ya motsa ba.

"Yaya, ba tana jakarka ba?"

Ƙadangare ya waiwaya. Ya ce wa direba, "Ko ƙasa za ta tsage kada ka saki tsanin nan. Ka yi ta yi masa magana." Ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu, fuskarsa kaɗai ta kashe sowar. Sannan ya ruga.

Taɓo ya cire masa takalmi ɗaya, bai tsaya ba. Ƙofar gidan ƙanƙara ta ƙarfe ce, a kulle ta ciki. Ya daka da hannu, ya daka da dutse, ya kira mai gida da duk sunan da ya zo bakinsa. Rurin injin ya cinye komai. Ya waiwaya. Daga nan yana hango Auta, ɗan ƙarami a jikin sama, hannaye a miƙe kan igiya kamar mai roƙo, ƙafarsa ɗaya a matakin tsani na ƙarshe. Ƙafar ta fara rawa. Ɗigon ruwa ya sauka a goshin Ƙadangare, wani ya biyo.

Ya dubi katangar. Ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ga kwalabe suna ƙyalli a kanta. Rabonsa da hawa wani abu ba tsani tun kafin gwiwa ta lalace. Ya juya jakar baya, ya taka bututun ruwan da ke jikin bangon, ya manna ciki. Gwiwar ta yi ƙara kamar an karya itace. Ya miƙa hannu ya damƙi saman katangar, kwalba ta shige tafinsa, kantar shekaru ba ta hana ta ba. Ya ja jikinsa, ya wuntsila, ya faɗo a kan tarin buhunan ƙaiƙayi.

Wani ƙaton mutum mai rigar leda ya fito daga ɗakin sanyi, ya gan shi jina-jina da jaka a baya.

"Ɓarawo! Da rana tsaka?"

"Kashe injin!"

"In kashe? Ƙanƙarata tana narkewa tun asuba, ka ce in kashe? Uban wa ya aiko ka?"

Ya cafke masa wuyan riga. Ƙadangare bai tsaya bayani ba, ya sunkuya ya bar masa rigar a hannu. Injin sabo ne fil, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba, kuma wayarsa ta tafi kai tsaye cikin akwatin mita, babu makunnin da ke raba gida da layin titi. Ya laluba da hannu mai santsin jini, maɓallin ya kuɓuce, ya sake kamawa, ya murɗa.

Injin ya yi tari ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi rurin tsoratar da shi. Ya kasa kunne ko zai ji salati, ko kukan mata, ko faɗuwar abu mai nauyi. Babu komai sai ruwa a kan kwano.

"Ƙanena yana kan waya," ya ce wa mai ƙanƙara. "Wutarka tana fita titi."

Mutumin ya saki rigar, bakinsa a buɗe. Da kansa ya zare sakatar ƙofa.

Auta yana nan yadda ya bar shi. Ruwa yana bin hular kwanonsa yana ɗiga a kafaɗa. Direba yana ta zuba masa labarin da ba kai ba gindi. Ƙwan fitilar mai aski ya mutu.

"An kashe, Auta, sauko!" in ji tela.

"Kada ya motsa!" Ƙadangare ya daka tsawa.

Ya tsaya a tsakiyar lungun yana haki, a karon farko yana kallon gidajen da gaske. Wancan mai bene yana da farantan sola masu shan rana a rufinsa. Bayan shagon tela akwai ƙaramin inji a ƙarƙashin buhu. Kowace ƙaramar waya da ta fito daga falwayar ta shige wani gida, kuma bai san abin da ke bayan ko ɗaya daga cikin bangayen ba.

"Ɗan Inna, ƙara haƙuri kaɗan."

"Ƙafata ta mutu, Yaya."

"Na sani. Bar ta ta mutu, za ta tashi."

Ya ɗingisa zuwa bakin titi. Ya saɓo wayar ƙasa a kafaɗa, sanda da gora a hammata, mai ƙanƙara ya biyo shi da guduma ba tare da an roƙe shi ba. Suka kafa sandar a taɓo. Ya miƙa gorar sama, jini yana gangarowa zuwa gwiwar hannu, ya maƙala bakunan ɗaya bayan ɗaya a wannan gefe, ya zagaya ya maƙala a wancan. Bai taɓa jin aiki ya yi masa tsawo haka ba, kuma bai tsallake ko ɗaya ba.

"To. Sauko."

Yatsun Auta sun ƙi sakin igiya, sai da ya ɓamɓare su da haƙori. Ya ratso wayoyin a hankali, yana kauce musu duk da an ce babu komai. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya zauna daɓas a cikin taɓo. Ƙadangare ya miƙa masa hannu. Auta ya kalli hannun, ya kalli jakar, ya dafa tsani ya tashi da kansa.

Wata tawagar ce ta zo ta ƙarasa aikin. Malam Dakata ya iso tare da su, ya ga wayar ƙasa a maƙale, ya ga hannun Ƙadangare, ya saurari labarin daga bakin direba. Bai ce ai na faɗa ba. Ya shiga gidan ƙanƙara ya daɗe, sannan ya fito ya kai Ƙadangare a ɗinke masa tafi.

Kafin magariba suka isa gida. Inna tana ƙofar ɗakinta. Ta dubi bandeji, ta dubi Auta da taɓo ya bushe masa har wuya.

"Wa ya hau yau?"

"Auta," in ji Ƙadangare. Ya durƙusa duk da gwiwar, ya faɗa mata yadda aka yi, har da tambayar da Auta ya yi kafin ya hau da amsar da ya ba shi.

Inna ta jawo Auta ta shafa kunnensa, ta shafa ƙirjinsa, kamar tana ƙirga ko an rage wani abu.

"Ka sauko min da shi," ta ce. "Ban ce ba ka sauko da shi ba." Ta juya ga ƙaramin. "Kai kuma, za ka koma?"

"Zan koma, Inna. Da me zan ciyar da su?" Bai kalli yayansa ba. "Amma da idona zan riƙa gani."

Da hannun ya warke suka koma aiki. Har yanzu Ƙadangare ne ke zare fiyus, har yanzu a jakarsa suke zama. A falwaya ta farko ya saɓo wayar ƙasa tun kafin a sauke tsani, direba ya buɗe baki zai yi tsokanar igiyar shanya, ya fasa. Ya kafa sanda, ya maƙala gaba da baya, ya koma gefe. Hannunsa ya tashi zai daki jaka, kamar kullum.

Auta bai kalli wajen ba. Ya karɓi gorar, ya bi bakunan yana girgiza kowanne, ya taka sandar ya ji ko ta kafu, ya zagaya falwayar yana duban rufin gidaje. Ƙadangare ya tsaya da hannu a sama, abin yana sukarsa a wani wuri da ba a ɗinkewa. Ya sauke hannun a hankali, ya je ya kama gindin tsani, ya jira har ƙanensa ya gama dubawa.